Tambari A Wuyan Riga Ba Ya Hana Gini Ruftawa

Akwai wata magana da ake yayi a ƙasashen Turai da Amurka, har na fara jinta a bakin wasu 'yan'uwana ɗalibai. Wai hanyar taimakon ma'aikatan ɗinki ita ce mutum ya duba wuyan riga kafin ya saya: in ya ga tambarin da ke cewa an ɗinka ta bisa adalci ya biya, in ya ga an rubuta Bangaladash ya ajiye. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

A watan Satumba na 2012 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Ali Enterprises da ke Karaci a ƙasar Pakistan. Mutum fiye da 250 suka hallaka, domin an datse tagogi da ƙarafa, ƙofofin fita kuma a kulle. Makonni kaɗan kafin nan, wani kamfanin bincike na Italiya ya ba masana'antar takardar shaida cewa ta cika ƙa'idojin kula da ma'aikata. Watau mai sayen da ya dogara da takarda, da ya sa wandonsu hankalinsa kwance.

Sai kuma Rana Plaza, wani bene mai hawa takwas a garin Sabar kusa da Daka, babban birnin Bangaladash. Ran 23 ga Afrilu 2013 aka ga ginin ya tsage. Banki da kantunan da ke ƙasa suka rufe. Masu ɗinki kuwa, yawancinsu mata, aka ce kashegari kowa ya koma kan kekensa ko ya rasa albashi. Suna cikin aiki ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka ji rauni. Jama'a, tsaga ɗaya kowa ya gani. Me ya sa ma'aikacin banki ya kwana a gida, mai ɗinki ta kwana ƙarƙashin kankare? Domin albashi mafi ƙanƙanta a lokacin taka 3,000 ne a wata, bai kai dala 40 ba, kuma ba ta da ƙungiyar da za ta tsaya mata in ta ce ba ta shiga.

To, me ya kawo gyara? A watan Mayu na 2013 ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa wa manyan kamfanonin tufafi lamba har aka ƙulla yarjejeniyar tsaron gini da kashe gobara, wadda daga baya kamfanoni fiye da 200 suka sa wa hannu. Amfaninta shi ne doka na iya kama wanda ya saɓa. Injiniyoyi suka binciki masana'antu fiye da 1,600, aka buga sakamakon kowa ya gani. Walmart da Gap suka ƙi shiga, suka kafa tasu, kuma ba sai an gaya wa mai hankali abin da suke gudu ba.

Masu cewa a ƙaurace wa kayan Bangaladash kuwa, gyaran gangar auzinawa suke yi. Mutum wajen miliyan huɗu ke ci daga wannan sana'a. A 2023 da suka fito zanga-zanga har aka rasa rayuka, albashin taka 23,000 suka nema, aka ba su 12,500. Ba su roƙi kowa ya daina sayen rigarsu ba.

Mu nan ma, wane tambari za mu duba? Yawancinmu gwanjo muke sawa, ko mu yanko yadi a Kantin Kwari mu kai wa tela. Ma'aikatanmu na ɗinki a gabanmu suke: yaron tela da ke kwana kan keke daren jajiberin Salla, da matar da ke kwashe makonni tana ɗinkin hula ɗaya a cikin gida, dillali ya cinye ribar. A nan ne mai saye ke da iko na gaske, don ido da ido ake ciniki. Amma ɗalibin da zai zo zauren muhawara yana kukan matan Daka, shi ne zai karya wa tela farashi, ya karɓi kaftaninsa, ya ce sai alawus ya fito.