ƊAUKAR HOTON ƊAN SANDA A BAKIN AIKI BA LAIFI BA NE

Daga Wakilinmu na Arewa, Jalingo

 Maganar da na ɗauko muku a wannan mako ta shafi kowa a cikinku, tun daga direban babbar mota mai sauke shanu da doya a Ikko, har zuwa mai shayi da mai gadi da ɗan acaba a Sabon Ibadan ko Fatakwal. Maganar kuwa ita ce, shin doka ta yarda mutum ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton ɗan sanda sa'ad da yake bakin aiki a kan titi? To, doka ta yarda. Kuma ni a ganina wannan hoto garkuwa ce ga matafiyi, garkuwa ce ga ɗan sanda mai gaskiya. Dalilina na farko kuwa a nan Taraba ya faru.

Ran 6 ga watan Agusta na 2019, wasu 'yan sanda na rundunar Sufeto Janar ta musamman sun je Ibi sun kama Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume, bisa zargin satar mutane don neman kuɗin fansa. Suka sa shi a wata farar bas, suka kamo hanya za su kawo shi hedkwatar 'yan sanda da ke Jalingo. Ba su iso ba. Sojoji na Bataliya ta 93 da ke Takum suka buɗe wa motar wuta, 'yan sanda 3 suka mutu tare da farar hula da ke cikin tawagar, shi kuwa Wadume ya ɓace. Hukumar soja ta ce ai yaranta sun zaci ɓarayin mutane ne, don an kai musu kuka, kuma motar ta ƙi tsayawa a shingaye.

Da a da ne, da maganar ta tsaya a nan: bakin soja da bakin ɗan sanda, wanda ya fi ƙarfi shi ne mai gaskiya. Amma wani da ke wurin ya ɗauki hoton bidiyo da waya, kafin a ce kwabo ya bazu ko'ina a ƙasa. Da hedkwatar 'yan sanda ta Abuja ta tashi mayar wa soja martani, da wannan bidiyon ta kafa hujja, ta ce a cikinsa an ga mutanenta sun bayyana cewa su 'yan sanda ne, don me aka harbe su? Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni a yi bincike, bayan mako 2 kuma aka sake kama Wadume a unguwar Hotoro a Kano.

Jama'a, ku dubi wannan al'amari da kyau. Wayar da kurtu yake fizgewa daga hannun yaron mota a bakin shinge, irinta ce ta zama shaidar abokan aikinsa ranar da ba su da bakin magana. In hoto ya halatta ran da aka zalunci ɗan sanda, ta yaya zai haramta ran da ɗan sanda ne ake kuka da shi?

Yanzu bari mu koma ga abin da doka ta ce. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa, da 'yancin karɓar labari da isar da shi ba tare da an yi masa katsalandan ba. Bai ce sai ɗan jarida mai kati a wuya ba, kowane mutum ya ce. Sashe na 36 kuma ya ce ba za a hukunta kowa a kan wani laifi ba sai in akwai rubutacciyar doka da ta ambaci laifin ta kuma yanka hukuncinsa. To, babu inda aka rubuta cewa ɗaukar hoton ɗan sanda a kan hanyar gwamnati laifi ne, ko a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, ko a dokar laifuffuka ta Kudu, ko a sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020. Bugu da ƙari, su kansu shugabannin 'yan sanda sun faɗa da bakinsu. A watan Disamba na 2023, Olumuyiwa Adejobi, wanda a lokacin shi ne kakakin rundunar na ƙasa, ya bayyana wa duniya cewa mutum yana iya ɗaukar hoto ko bidiyon ɗan sanda a bakin aiki, kuma duk jami'in da ya ci zarafin wani saboda haka a kai ƙararsa.

Haka nan batun bincikar waya. Sashe na 37 ya kare sirrin mutum, har da na maganarsa ta waya da wasiƙunsa. Ran 4 ga watan Oktoba na 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya gargaɗi jami'ansa da su daina kutsawa cikin wayoyi da kwamfutocin jama'a a kan hanya ba tare da izini ba. Saboda haka wanda ya ce ka buɗe wayarka ka goge hoto, ba doka yake zartarwa ba, ƙarfin kaki kawai yake nuna maka.

Abin da ya jawo wancan gargaɗi shi ma hoton waya ne. A farkon watan Oktoba na 2020 aka yaɗa wani bidiyo daga Ughelli ta Jihar Delta, wanda ya nuna wani saurayi kwance a ƙasa, ana zargin 'yan sanda da harbinsa. Hukumar 'yan sanda ta musanta, har ma ta kama wanda ya ɗauki hoton. Duk da haka zanga-zanga ta ɓarke, ran 11 ga watan aka rushe rundunar SARS. A lokacin da yawa daga cikinmu a Arewa mun ɗauka rigimar samarin Kudu ce, har gwamnoninmu suka ce su ba su goyi bayan rushewar ba. Amma da aka kafa kwamitin sauraron koke-koke a nan Jalingo, kamar yadda aka yi a jihohi da dama, sai ga mutanen Taraba sun zo da nasu kukan. Wato ciwon bai san Kudu ko Arewa ba.

A ƙasar Amurka ma haka aka yi. Ran 25 ga watan Mayu na 2020, a birnin Miniyafolis, wani baƙar fata mai suna George Floyd ya mutu a hannun 'yan sanda. Sanarwar farko da suka fitar cewa ta yi rashin lafiya ce ta kama shi. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta tsaya a gefen titi ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne masa wuya da gwiwa fiye da minti 9. A 2021 kotu ta ɗaure wannan ɗan sanda shekara 22 da rabi. Gani ya kori ji.

To, me ya sa na ce maganar ta fi shafarku? Saboda baƙo shi ne mara shaida. Wanda ya taso daga Anaca ko Inugu zai zo Jalingo, ya biyo ta Katsina-Ala da Zaki Biyam da Wukari da Mutum Biyu, ya san yawan shingayen da zai tsallake, ya kuma san abin da ake nema a hannun direba. Wannan kuka na cikin abubuwan da suka sa ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu a watan Fabrairu na 2021. In an kai ɗan ci-rani caji ofis a garin da ba ya jin yarensu, Turancinsa kuma bai taka kara ya karya ba, wa zai tsaya masa? Ɗan gari yana da dangi da lauya da ɗan majalisa. Shi kuwa baƙo sau da yawa ba shi da kowa sai wayar da ke aljihunsa.

Na san su ma 'yan sanda suna da abin cewa, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa akan yanko ƙarshen rigima a watsa, a ɓoye farkonta inda aka zage su ko aka ci kwalarsu. Suna cewa a jiha irin Taraba, inda ake fama da masu satar mutane, nuna fuskar jami'i na iya jefa shi da iyalinsa cikin haɗari. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma maganin guntun hoto ai cikakken hoto ne, hana ɗauka ba ya maganin komai. Jami'in farin kaya da ke aikin asiri daban, mai kaki da suna a ƙirji yana tsaye a tsakiyar titi da rana tsaka shi ma daban. Da kuɗin jama'a aka saya masa kakin da bindigar, don haka jama'a suna da ikon ganin yadda yake aiki da su. Wanda yake aikinsa tsakani da Allah ba abin da hoto zai rage masa. Mara gaskiya kuwa ko cikin ruwa gumi yake yi.

Sai dai kowane 'yanci yana da iyaka. Hana ɗan sanda yin aikinsa laifi ne, saboda haka kada ka shiga tsakaninsa da wanda yake kamawa, kada ka cusa masa waya a fuska. Barikin soja da sauran wuraren tsaro suna da dokarsu tun 1962, can ba a ɗaukar hoto sai da izini. In kuma ka ɗora hoto a Facebook ka haɗa da ƙarya don ta da fitina, to, ka faɗa hannun dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha kama mutane da sashenta na 24.

Kada kuma wani ya zaci hoto shi kaɗai yana kawo adalci. A shari'ar Wadume, a 2020 aka cire sunayen sojojin daga takardar tuhuma, shi kuwa Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke masa shekara 7 a 2022. Iyalan waɗanda suka mutu a hanyar Ibi ba su ga abin da suka sa rai ba. Abin da bidiyon ya yi shi ne ya hana a binne maganar tare da gawawwakin, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Shawarata gare ku ita ce, in abu ya taso, ka ja gefe ka tsaya a fili, ka ɗauka ba ɓoye-ɓoye, ba zagi, ba gatse. Ka yi ƙoƙari lambar mota da sunan da ke ƙirji su fito, ka ambaci wurin da ranar. Ka aika wa wani ɗan'uwa nan take, don ko an ƙwace wayar shaida ta tsira. Kada ka yanke, kada ka ƙara, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi irin wannan hoto in an tabbatar da asalinsa. Daga nan sai ka kai ƙara sashen karɓar koke-koke na 'yan sanda, wanda aka kafa a 2015, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Amma in dare ne a daji, ga mutum da bindiga idonsa ya rufe, to, ka mayar da wayarka aljihu. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, rai ya fi hoto.

Daga ƙarshe ina kira ga Kwamishinan 'Yan Sanda na Jihar Taraba da ya mayar da maganar Abuja ta zama rubutaccen umurni, a karanta wa kurata a wurin fareti, a manna a kowane caji ofis tun daga Jalingo har Gembu, a kuma sanar a rediyo da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan jiha. Rundunar da bidiyo ya yi wa rana a 2019 ita ya fi cancanta ta fara. Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su ma su tara mutanensu a tasha da kara da kasuwa su bayyana musu wannan haƙƙi da iyakarsa, su kuma tanadi lauyan da za a kira in an kama wani saboda shi.

Allah ya kiyaye hanya, ya maido kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.