Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugabar Hukumar NAFDAC

Ranki ya daɗe, Farfesa Mojisola Adeyeye,

Mun ga ƙoƙarin da hukumarki ta yi a 2024 wajen mayar da dillalan magani na Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro a Kano. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka. Sai dai kukana na kan abin da ke samun magani bayan ya bar cibiyar.

Yawancin ƙwayoyi an rubuta a kwalinsu kada zafi ya wuce digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin Kano kan haura 40. Duk da haka za ki ga katan ɗaure a saman motar haya, ya wuni a tasha cikin rana. Allurar oksitosin, wadda ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa, tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Idan zafi ya cinye ƙarfinta, launinta ba lallai ya canja ba, lambar NAFDAC na nan daram a jikin kwalba. Ungozoma za ta yi allurar da kyakkyawar niyya, jini kuwa ya ci gaba da zuba. Wannan ne ke hana ni barci.

Roƙona, ranki ya daɗe, a tilasta wa masu jigila sanya ma'aunin zafi a cikin kaya, su kuma ajiye takardar shaida. Jami'anku su riƙa leƙa tashoshin mota, ba shaguna kaɗai ba.

Naki cikin girmamawa,
Wani mai kishin lafiyar al'umma, Kano