Sharhi: Yaron da Aka Jefa Layin Baya



A garin Malumfashi akwai makarantar kurame ta gwamnatin jihar Katsina, ta makafi kuma tana birnin Katsina. Madalla da su. To amma ko an cika su maƙil, ba za su ɗauke yaran Funtua, Bakori, Ɗanja da Ƙafur masu buƙata ta musamman ba. Manomin da sai ya sayar da masara ko auduga yake ɗinka wa yara kayan makaranta, firamaren unguwa zai kai ɗansa. Magana ta dawo hannun malamin aji ke nan.

Mu leƙa ajin. Ga yaro sanƙarau ya taɓa masa kunne, an jefa shi layin baya. Malam na rubutu a allo yana bayani, shi kuwa yaron da motsin baki yake gane magana, ƙeyar malam kawai yake kallo. Ƙarshen zango a ce daƙiƙi ne. Alhali a gida hira yake da mahaifiyarsa da maganar hannu, a aike shi kasuwa ya dawo da canji daidai.

Maganar hannun nan ta Hausawa harshe ce cikakkiya. Masaniya Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, ta wallafa littafi a kanta a 2000. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame kuwa tushenta Amurka, tun zuwan Andrew Foster Ibadan a 1960. Malamin ƙauye bai iya ta makarantun kurame ba, ba laifinsa ba ne. Amma me zai hana shi zama da iyayen yaro ya koyi alamomin gidansu, sannan ya dawo da shi bencin gaba?

Sanin al'ada fa ba ya nufin haɗiye duk abin da aka gada. Yarinya mai farfaɗiya ta faɗi, yara su watse, wai kumfar bakinta na harbin mutum. Idan malam ma ya ja da baya, gobe babu mai zama kusa da ita, jibi mahaifinta ya cire ta. Ba a ɗaukar farfaɗiya. A kawar da benci, a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali a baki. In uban ya ce iska ce, kada malam ya yi masa dariya. Ya ce, Baba, a ci gaba da addu'a, amma a haɗa da asibiti.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ta tanadi kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo kan koyar da su. Ya kamata hukumar SUBEB ta Katsina ta fito ta gaya wa iyaye firamare nawa ne a shiyyar Funtua ke da irin wannan malami, nawa kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma za ta horar.