Kumfar da ke cin ƙarfen injin wuta

Idan wuta ta yi ƙaranci, kowa sai ya ɗora laifi kan raguwar ruwa a madatsar Kainji ko ta Shiroro, alhali akwai wata ɓarnar da ke gudana cikin injin da ruwan ke juyawa. Ruwa idan ya ratsa fukafukan injin da gudu, matsinsa kan faɗi har ya zama tururi ba tare da zafi ba, sai ƙananan kumfa su fito. Da sun isa inda matsi ya dawo, sai su fashe a jikin ƙarfe, suna ɓantarar sa sannu a hankali har ya yi ramuka kamar katakon da gara ta ci. Abin ya fi muni idan aka tafiyar da inji nesa da ƙarfin da aka ƙera shi a kai, ko ruwan da ke ƙasan madatsar, inda injin ke zubarwa, ya ja baya. Tun shekarun 1920 Dieter Thoma, injiniyan Jamus, ya fito da lissafin da ke nuna lokacin da kumfar za ta soma. Yau kuwa akwai na'urorin sauraron ƙara da girgiza, kwamfuta kuma tana kwaikwayon tafiyar ruwa ta nuna inda ƙarfen zai lalace. Kainji ta fara aiki a 1968, Shiroro a 1990. Injinan da suka kai waɗannan shekaru, a ganina, wajibi ne hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta tilasta a riƙa auna su a kai a kai, domin walda a lokacin da aka tsara ta fi araha nesa ba kusa ba a kan tsayawar inji bagatatan.