Minda Ba Ta Magana

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro ta hanyar barikin soja akwai "minda", wato ɗan ƙarfen nan da ake maƙala wa soja a ƙirji. Da wannan suna tsofaffin da suka je yaƙin Bama suka san shi. A yau kalmar ta ja baya, kafofin watsa labarai sun fi son "lambar yabo" ko "lambar girma". Da suna ɗaya ke nan muke kiran abin da aka ba sojan da ya kutsa cikin ruwan harsashi ya ɗauko ɗan'uwansa, da abin da aka ba hafsan da ya daɗe a bakin aiki ba tare da laifi ba, har da wanda ake miƙa wa attajiri a ɗakin taro. A ganina wannan cuɗanya ta sa mun daina tambaya. Da zarar mun ga ƙirji cike da ƙarafa sai mu ce jarumi ne, alhali minda shaida ce kawai, kuma kowace shaida sai an san wanda ya ba da ita da abin da ya sa ya bayar.

Mu ɗauki mafi darajar lambobin jarunta na Ingila, wadda ake kira Victoria Cross. Sarauniya Biktoriya ce ta kafa ta a 1856, kuma daga lokacin zuwa yau waɗanda suka same ta ba su kai 1,400 ba. Ɗaya daga cikinsu a ƙasar Hausa ya samo tasa. A 1903, bayan Turawa sun ci Kano, rundunar Kanawa da ke komowa daga Sakkwato a ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da wani ƙaramin ayarin soja a Kwatarkwashi, cikin Jihar Zamfara ta yanzu. Shugaban ayarin shi ne Laftanar Wallace Wright. Takardar da ta bayyana dalilin ba shi lambar ta ce da hafsa ɗaya da soja 44 ya tare mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon awa biyu. A wannan fage Waziri Ahmadu ya faɗi, shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada.

Ba ina cewa Wright matsoraci ba ne. Wanda ya tsaya a gaban sukuwar dawaki dubu bai cancanci wannan suna ba. Amma a dubi fagen da kyau. Mutum 44 ɗin nan baƙaƙen fata ne, su ne suka durƙusa suna harbi dawaki na zubowa a kansu, kuma sunan ko ɗaya daga cikinsu bai shahara ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga mutanen da suka tunkari bindiga da takobi da mashi, sun san abin da zai biyo baya, ba su juya ba. Jarumai sun cika fagen Kwatarkwashi a ranar, amma babbar lambar ta tafi ga mutum ɗaya, domin mai rabon nasa ya sani. Ɗalibin da aka koya wa cewa lambar ita ce ma'aunin jarunta zai fita aji da fahimtar cewa kakanninsa ba su yi kome ba sai mutuwa.

A shekarar nan ta 1903 ne kuma Ingila ta ware wa sojojinta baƙaƙe na Afirka ta Yamma da ta Gabas wata lambar bajinta tasu daban, wadda aka ci gaba da bayarwa har 1942. 'Yan Nijeriya sun yi wa Ingila yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas da Habasha da Bama, amma babu ko ɗaya da ya sami Victoria Cross. Wanda ya yarda cewa cikin dubban nan ba a sami mai zuciyar Wright ba, to, ya yarda da abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Labarin Chari Maigumeri ya fi kowane fito da abin da nake nufi. Ya fara aikin soja ne a rundunar Jamus ta Kamaru, ya yaƙi Ingilishi a Yaƙin Duniya na Ɗaya har suka kama shi. Daga baya ya shiga rundunar waɗanda suka kama shi ɗin, ya kai muƙamin samanja, ya sami lambar jarunta ta Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Zuciyar Maigumeri ɗaya ce a ƙarƙashin tutocin nan biyu. Lokacin da yake harbin Ingilishi abokin gaba ne, da ya juya bakin bindigarsa sai ya zama abin yabo. Ashe ke nan minda ba jarunta kaɗai take aunawa ba, har da biyayya ga mai bayarwa.

Bahaushe ma yana da tasa hanyar saka wa jarumi tun kafin zuwan Bature. Sarki kan ba shi doki ko riga ko alkyabba, ko ya naɗa shi Barde ko Jarmai ko Sarkin Yaƙi. Mafi ɗorewa kuwa shi ne kirari da take, domin su suna tafe da labarinsu: wane gari aka ci, wane ne aka kayar, a wace rana. Gaskiya ne maroƙi yakan ƙara gishiri, don kuwa da bakinsa yake cin abinci. Ta nan tsarin minda ya fi, saboda akan rubuta abin da mutum ya aikata, shaidu su tabbatar, a adana takardar. Sai dai idan takardar ta kwanta a ofis ba mai karanta ta, kirari ya fi ta amfani, ko ba kome yara sun haddace shi.

Wannan ita ce matsalarmu a yau. Nijeriya tana da lambobinta na soja. Haruffan da muke gani a bayan sunayen manyan hafsoshi, irin su FSS da MSS da DSS, galibi na daɗewa ne a bakin aiki da kyakkyawar hidima. Wannan abin yabo ne, ban raina shi ba, domin rundunar da ba ta da masu haƙurin tsara albashi da abinci da harsashi ba ta cin yaƙi. Amma hidima daban, sayar da rai daban. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni ana sakin tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, a watse ba a ji sunan kurtu ɗaya da abin da ya yi ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamba 2016, jama'a sun san shi ne saboda labarin tsayuwarsa a gaban Boko Haram ya fita daga bariki ya shiga bakin mutane. Sojojin da suka faɗi tare da shi a daren fa, ɗalibi nawa ne zai iya kawo sunan ɗaya?

A nan malamin Hausa yake da aiki, kuma ba sai ya jira hukuma ba. A garuruwa da ƙauyuka da yawa akwai gidajen da minda ke kwance a ƙasan adaka, mai ita ya rasu, jikokinsa na wasa da ita. Darasin adabin baka ko na rubutun insha'i zai yi armashi idan aka tura ɗalibai su nemo irin waɗannan gidaje, su ji ta bakin dattawa, su rubuta sunan mutumin da inda ya yi yaƙi da kirarin da ake yi masa, in yana da shi. A gaya musu su duba gefen ƙarfen da kyau: lambobin jarunta na Ingila akan zana lambar soja da muƙaminsa da sunansa a jikinsu. Tauraron da aka raba wa waɗanda suka je Bama kuwa ba suna aka ba da shi. Idan tsohuwar da ta san mai shi ta rasu ba a tambaye ta ba, ba wanda zai iya cewa ga ƙirjin da aka maƙala wa.