SUNA LINZAMI NE: MU RIƘE NA GIDA, MU GYARA NA TAKARDA

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Da shi ake kiran mutum shi waiwayo, da shi ake yi mishi addu'a, da shi kuma hukuma take sanin shi. Yau muna so mu duba yadda muke riƙon wannan linzami a Maraɗi da kewayenta, musamman sunayen ɗiya maza. Akwai sakaci iri biyu da ke neman zame muna jiki: sunayenmu na gida suna ɓacewa, waɗanda munka riƙe kuwa ba mu kula da yadda ake rubuta su.

Kowa ya san al'ada. In kwana bakwai sunka cika da haihuwa, sai a taru da sassafe a ƙofar gida, a raba goro, a yanka rago, liman shi raɗa suna, maroƙi shi ɗaga murya don mata su ji daga cikin gida, wanzami shi yi aski. Wannan shi ne sunan yanka: Muhammadu, Abubakar, Ibrahim, Usmanu da sauransu. Amma kakanninmu ba su tsaya nan ba. Sukan ƙara wa yaro suna na biyu, na Hausa, mai ba da labarin zuwanshi duniya. Wanda anka haifa ran Juma'a Ɗanjuma ne, na Lahadi Ɗanladi, na Laraba Balarabe. Wanda ya biyo bayan ɗiya mata Tanko ne, wanda ya biyo tagwaye Gambo. Manomin Jiratawa da anka yi wa haihuwa ana tsakiyar aikin gona shikan ce Nomau, in ruwa na zuba a ce Anaruwa, in ran salla ce a ce Sallau. Audi bai tarar da ubanshi da rai ba. Uwar da ɗiyanta ke mutuwa tun suna goyo takan kira na baya Ajuji, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan ƙaramin tarihi ne na gida.

Tarihin ƙasa ma da irinsu anka rubuta shi. Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarautar Katsina a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, da Ɗan Baskore da ya yi sarauta daga baya, da sunayen nan duniya ta san su. Haka Bawa Jan Gwarzo na Alƙalawa, haka Mayaƙi wanda ya kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Jami'ar Maraɗi, wadda anka kafa a 2010, sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo take ɗauke da shi. Amma yau a shiga aji a saurari kiran suna: Tanko nawa za a ji, Nomau nawa?

Wani zai ce wannan abin ƙauye ne, zamani ya wuce shi. To, mu dubi Koriya ta Kudu, ƙasar Asiya wadda wayoyinta da motocinta sunka kai har kasuwarmu. A can sunan mutum yawanci gaɓa uku ne. Ta farko sunan zuriya ce, kamar Kim, Li ko Pak, waɗanda su uku kaɗai sunka haɗa fiye da mutum 4 cikin 10 na ƙasar bisa ƙidayar 2015. A bisa al'ada, ɗaya daga cikin gaɓoɓi biyun da sunka rage ta tsara ce: ɗiya maza na uba ɗaya da na ƴan uwanshi maza duk suna tarayya a kanta, kuma dattawan zuriya sun tsara ta tun da daɗewa cikin littafin asali. Ban Ki-mun, babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2007 zuwa 2016, Ban ne sunan gidansu, Ki kuwa shi da ƙannenshi maza duka suna da ita. Gaɓar da ta saura ita ce ta yaron shi kaɗai, kuma don ma'anarta ake zaɓen ta. Min-jun, sunan da ya yi farin jini a farkon ƙarnin nan, akan rubuta shi da ma'anar kaifin basira da fice. Hanul kuwa sama ke nan da harshensu. A da can har Ajujinsu gare su: sukan kira jariri Gettong, wato kashin kare, don mutuwa ta ƙyale shi.

Mutanen Koriya sun san tsadar suna. A 1940, zamanin mulkin mallakar Japan, an matsa musu su ɗauki sunaye irin na Japanawa, har wajen gida 8 cikin 10 sunka bi. Da mulkin ya faɗi a 1945, ba a daɗe ba, a 1946, anka kafa doka a kudancin ƙasar ta mayar wa kowa da sunanshi. Mu kuwa babu wanda ya tilasta muna, da hannunmu muke zubar da namu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sakaci na biyu ya fi saurin cutarwa. Ɗan Koriya suna ɗaya gare shi a takarda, kuma cikin wata ɗaya da haihuwa doka ta ce a rubuta shi. Mu a nan, yaro ɗaya shi ne Muhammadu ran suna, Mamman a gida, Mahamman a makaranta. Abubakar shi koma Garba, Ibrahim shi koma Iro. Ga kunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, in an tambaye ta sai ta ba da laƙabi. Ga kuma rubutun Faransanci, inda kowane magatakarda ke rubuta abin da kunnenshi ya ji. Ba a ganin illar sai ran jarrabawa, ko ran neman katin ɗan ƙasa, ko fasfo na zuwa Makka, ko ran rabon gado, sa'ad da takardu biyu za su nuna mutum biyu alhali mutum ɗaya ne. Daga nan sai zirga-zirgar gidan shari'a, da neman shaidu, da ɓarnar kuɗi, wani lokaci har yaro shi yi hasarar shekara guda ta karatu.

Maganin ba shi da wuya. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su shaida haihuwa. Uba shi je da kanshi cikin makon suna, tun goron bai bushe ba, gidan haihuwa ko wurin mai gari, shi faɗi sunan yanka cikakke. In akwai sunan Hausa mai kyau, shi sa a rubuta shi tare. Ba mu ce a bar sunan yanka ba, shi ne gaba. Ba mu kuma ce a ɗora wa yaro sunan da zai sa shi sunkuyar da kai cikin tsara ba: Ajuji shi tsaya bakin kaka. Amma Balarabe da Sallau da Nomau ba su yi wa kowa laifi ba.

Ku ma'aikatan magajin gari na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, ku karanta wa uba abin da kunka rubuta kafin ku buga hatimi, kuma duk takardar da za ta biyo baya a kwafe ta daga ta farko, harafi da harafi. Tun da a 2025 anka ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata ƙ da ɗ da ɓ su sami wurinsu cikin rajista. Ku kuma da kunka ci nasarar yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. Kowane mai gida shi sami littafi ɗaya, shi rubuta sunan kowane ɗa, da ranar haihuwarshi, da dalilin sunan, da sunan uba da kaka. Ku taimaki maƙwabcin da bai iya ba tukuna.

Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi. Allah shi raya muna ɗiyanmu, shi sa su amsa sunayensu da alheri.