Sharhi: Farfaɗo da masana'antar ƙarfe da giɓin layin dogo tsakanin Itakpe da Abuja

Rodin da ake ɗaura ginshiƙan gine-gine da shi a Kuje, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, a bayan tirela yake isowa, kuma kuɗin dakonsa na cikin farashin da mai gini ke biya. Haka abin yake tun daga tushe, domin kayan da ake narkawa a ƙera rodin su ma a mota suke shiga masana'antu. Wannan ce matsalar da ke jiran shirin farfaɗo da sarrafa ƙarfe, wanda Gwamnatin Tarayya ta ware wa ma'aikata ta musamman a watan Agustan 2023.

Lissafin a fili yake. Kafin a samu tan ɗaya na ƙarfe a babban tanderu, ana buƙatar kimanin tan biyu da rabi na tama da kwal da dutsen farar ƙasa. An tsara matakin farko na masana'antar Ajakuta da ke Jihar Kogi ne kan tan miliyan 1.3 a shekara, wato kayan da za su shiga cikinta sun haura tan miliyan uku. Idan kowace tirela ta ɗauki tan 30, sai an yi sawu kusan 300 a kullum, ba Juma'a ba Lahadi. Jirgin ƙasa mai tarago 40, kowane da tan 60, zai kwashe kayan tirela 80 a tafiya guda. Ga shi kuma tanderun ba ya jira: in aka kunna shi shekaru yake yi yana ci, yankewar kaya na 'yan kwanaki kan jawo asara mai yawa.

Arewa ta riga ta ɗanɗana wannan. Kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, da aka buɗe a farkon shekarun 1980 tare da takwarorinsa na Jos da Oshogbo, an gina shi ne da nufin ya riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga Aladja ta Jihar Delta, tafiyar fiye da kilomita 1,000, alhali layin dogo bai je Katsina ba. Tsadar dako da ƙarancin kaya suka hana shi aiki yadda aka tsara, har daga baya aka sayar da shi ga kamfanin Dana.

Layin da aka shimfiɗa domin ƙarfe kuwa, wato na Itakpe zuwa Ajakuta zuwa Warri, an fara shi a 1987, amma sai a watan Satumbar 2020 aka ƙaddamar da shi, kuma da jigilar fasinja ya fi shahara. Daga kudu bai shiga tashar jiragen ruwa ba. Daga arewa ya tsaya a Itakpe, kimanin kilomita 200 tsakaninsa da tashar Idu a Abuja, inda layin Kaduna mai tsawon kilomita 186 ya fara. A watan Oktoban 2019 gwamnati ta sanya hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 3.9 da kamfanin CRCC na ƙasar Sin domin cike wannan giɓi da gina tashar ruwa a Warri, sai dai aikin bai kankama ba. Don haka manyan motoci ke ci gaba da cika hanyar Lakwaja zuwa Abaji da Gwagwalada, maƙwabciyar Kuje.

Giɓin ya fi ciwo yanzu da masana'antu masu zaman kansu ke faɗaɗa. A Gujeni ta ƙaramar hukumar Kagarko a Jihar Kaduna, rukunin kamfanonin African Industries ya kafa masana'antar haƙo tama da sarrafa ta, wadda aka ƙiyasta jarinta kan dala miliyan 600. Tashar jirgin ƙasa ta Jere a ƙaramar hukumar take, amma kusanci da layi bai wadatar ba. Sai an ja reshe zuwa cikin harabar masana'anta, an tanadi filin lodi da sikeli da taragon da ya dace da tama, an kuma ware wa jirgin kaya lokacinsa a kan layin da zare ɗaya ne kuma fasinja ke amfani da shi. Inda babu reshe, dole a loda wa mota, a sauke, a sake lodawa, ribar jirgin ta ƙare a nan. Akwai kuma batun tsaro, wanda harin ranar 28 ga Maris, 2022 a kan wannan layi ya sa ba za a iya kau da kai daga gare shi ba.

A Muritaniya, jirgin da ke kwasar tama daga Zuwerat zuwa gaɓar teku a Nuwadibu, tafiyar kilomita 704, yana aiki tun 1963, kuma kamfanin da ke haƙar tamar ne ke tafiyar da shi. A Najeriya ma'adinai da ƙarfe da sufuri kowanne da ma'aikatarsa da kasafinsa, abin da ke sa masana'anta ta tashi a wuri ɗaya, layi ya tsaya a wani.

Gyaran tsarin mulki na watan Maris ɗin 2023 ya ba jihohi ikon gina layin dogo, don haka Kogi da Kaduna na da damar haɗa hannu da masu masana'antu kan gajerun rassa. Babban layin Itakpe zuwa Abuja kuwa nauyin Gwamnatin Tarayya ne, kuma muddin ba a haɗa shi ba, layukan Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa za su kammala ba tare da hanyar da ɗanyen ƙarfen Ajakuta zai hau jirgi ya isa Katsina ba.